Leshi Ɗaya, Kala Huɗu: Nazarin Hotunan Wani Biki a Ƙasar Ringim

Ranar wata Litinin cikin hunturun bara ina shago ina goge ƙura daga gilasan hotuna, sai ga wata dattijuwa ta yi sallama, albam a hannunta cikin leda. Gwaggon amaryar da muka yi wa aiki ce mako biyu kafin nan, a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Na miƙa mata kujera, ta ce a tsaye ma ya isa. Ta buɗe albam a kan tebur, ta riƙa ɗora yatsa a kan hotuna huɗu, ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, leshi nawa 'yata ta sa ranar yini?"

Na ce, "Hajiya, ban je ba, yarona na tura."

"To guda ɗaya ta sa, tun azahar har aka kai ta. Ruwan hoda ne, ni na zaɓo shi a cikin lefe. Duba nan, shunayya. Nan ruwan goro. Nan kuma kamar an jiƙa shi a ruwan toka. Wannan ɗaya ne kawai ya yi kama da kansa. Bar ma zancen kaya, dubi fuskar yarinya. Sati biyu tana shan dilka, a nan kun fito da ita kamar mai ciwon shawara, a nan kuma kamar wadda ta faɗa marina."

Ban yi musu ba, don babu abin musu. Na roƙe ta ta bar mini albam ɗin kwana bakwai. Zan rubuta yadda na bi sawun kalolin nan huɗu har na gano inda kowace ta fito, saboda na san ba shagona kaɗai ake kawo wa irin wannan ƙorafi ba.

Yaron shekararsa biyu a hannuna. Yana da ido, ya iya tsayar da mutane, ba ya yanke wa kowa kai ko ƙafa a hoto. Shi nake turawa bikin cikin gida saboda ƙuruciyarsa: mata ba sa jin nauyinsa yadda za su ji nawa, har ɗakin uwar amarya yana shiga. Kyamarar da ke hannunsa Canon 600D ce, fitowar 2011, da filasha guda a samanta. Ni 60D nake riƙewa. Bambancinsu da ya shafi wannan magana shi ne tawa tana da wurin da mutum zai sa lambar haske da hannunsa, daga 2500 zuwa 10000. Tasa ba ta da shi. Alamomi ne kawai: rana, inuwa, gajimare, ƙwan fitila, doguwar fitila, filasha, sai na atomatik da aka rubuta AWB, sai kuma na musamman, wanda kai ne za ka nuna mata abu fari ka ce ta ɗauki ma'auni a kansa. Duk bikin a JPEG ya ɗauka, wato tsarin ajiye hoto mara cin wuri, domin katin ajiyar hotuna da na ba shi ƙarami ne. Wannan laifina ne, kuma zan dawo kansa.

Abin da masu hoto ke kira wayit balans, ni daidaiton fari nake ce masa idan ina koya wa yara. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a tsaya a maƙera. Idan maƙeri ya cusa ƙarfe a wuta ana zuga, da fari zai yi ja irin na garwashi, sannan ya koma ruwan goro, sannan ruwan ɗorawa, in zugar ta yi ƙarfi ya doshi fari. Da za a iya ci gaba da ƙara masa zafi, farin zai soma komawa shuɗi-shuɗi. A kan wannan aka gina ma'aunin kalar haske, ana ƙirga shi da Kelbin, ma'aunin zafi da wani masani ɗan Birtaniya, William Thomson, ya gabatar a 1848. Harshen kyandir yana wajen 1900. Ƙwan fitila mai zare, irin na da mai ɗaukar zafi, tsakanin 2700 ne da 3200. Rana tsaka 5200 zuwa 5500. Ranar da hadari ya rufe sama wajen 6000 zuwa 6500. Inuwa kuwa takan kai 7000 har ta wuce, domin wanda ke inuwa rana ba ta samunsa kai tsaye, shuɗin sararin sama ne ke haska shi.

Idon ɗan Adam ba ya damuwa da duk wannan. Farar riga fara ce a wurinsa a kasuwa, fara ce a zaure, fara ce a gaban aci-balbal, saboda ƙwaƙwalwa tana gyarawa ba tare da an sani ba. Kyamara sai an gaya mata. Idan ka sa ta a alamar ƙwan fitila, ce mata ka yi hasken wurin nan ja ne, sai ta zuba shuɗi ta kashe jan. Idan ka sa ta a inuwa, ce mata ka yi hasken shuɗi ne, sai ta zuba ruwan ɗorawa. Nan ne kan yara ke ɗaurewa: suna ganin an ce babbar lamba hasken shuɗi ce, amma da sun sa babbar lamba sai hoto ya fito ja. Lambar tana bayanin hasken wurin ne, ita kuma kyamara kishiyarsa take ƙarawa.

Mu da muka koyi sana'a da fim ba mu taso da wannan ciwon kai ba. Fim ɗin da muke saya an haɗa shi ne don hasken rana, in ka ɗauka a ƙarƙashin ƙwan fitila ya fito ja, mai wanki a Kano shi zai murɗa injinsa ya rage. Kai dai ka kai fim ka dawo ka karɓa. Yanzu aikin mai wankin ya dawo cikin kyamara, kuma a daidai lokacin da ka danna ake yin sa. JPEG tuwo ne da aka riga aka tuƙa aka kwashe, ba ka da hanyar raba gari da ruwa. RAW, ɗaya tsarin da ke ajiye hoto ɗanye, shi ne garin, in ka dawo gida ka dama yadda ka ga dama.

Da na buɗe hotunan a kwamfuta da manhajar Canon, Digital Photo Professional, kowane hoto ya zo da tarihinsa: ƙarfe nawa aka ɗauka, da wane saiti, filasha ta tashi ko ba ta tashi ba. Allah ya sa agogon kyamarar daidai yake. Na zaunar da yaron kusa da ni muka bi ranar tun daga safe.

Hotunan ɗaurin aure ba su da matsala. Ƙofar masallaci ce, hantsi, akwai hazo kaɗan da ya tausasa rana, maza sun cika wurin da fararen kaya. AWB ta samu fari ko ta ina, ta yi aikinta. Hoton leshin da gwaggo ta ce ya yi kama da kansa shi ma a irin wannan yanayi aka ɗauke shi, amarya a tsakar gida ita kaɗai, fili a buɗe, jim kaɗan bayan azahar.

Shunayya ta fara ne da aka koma gindin darbejiyar da ke tsakar gidan, inda aka shimfiɗa tabarmi. Abu biyu suka haɗu a nan. Na farko inuwa. Littattafan kyamarorin Canon sun nuna AWB tana aiki ne tsakanin 3000 da 7000, abin da ya wuce haka ba ta iya kashe shi duka, saboda haka ɗan shuɗi yakan rage. Na biyu, wanda ya fi yin ɓarna, anko. Atamfar ankon ƙawaye ruwan goro ce mai ƙarfi, bayansu kuma katangar jar ƙasa. AWB ba ta san atamfa ba, ba ta san katanga ba. Tana duba hoton baki ɗaya ne, idan ta ga kala ɗaya ta rinjaya sai ta zaci hasken wurin ne ya rine komai, ta shiga kashe shi. Ƙawaye ashirin sun kewaye amarya da ruwan goro, kyamara ta ce wannan ja ya yi yawa, ta kwararo shuɗi. Ruwan hoda da shuɗi kuwa shunayya suke haifarwa. Abin da ya tabbatar mini shi ne hotuna biyu da tazarar daƙiƙa kaɗan a tsakaninsu: na farko amarya da ƙanwarta kawai, leshi ya ɗan yi sanyi amma ana gane shi, na biyu ƙawaye sun shigo sun cika hoton, leshi ya tafi shunayya, fuska ta yi duhun baba. Wuri ɗaya, haske ɗaya, abin da ya cika hoton ne kawai ya canza.

Yaron ya lura. A nan na jinjina masa, domin da yawa ba sa ko duba allon. Ya ce, "Oga, da na ga hoto yana shuɗi sai na tuna abin da ka koya mini, na nemi abu fari." Katin toka, ɗan kwali mai ruwan toka da ake nuna wa kyamara ta ɗauki ma'aunin fari a kansa, yana cikin jakata a shago, ban taɓa saya masa nasa ba. Ya waiga ya ga kakar amarya da farin mayafi tas, ya durƙusa ya gaishe ta, ya roƙi ta miƙo gefen mayafin, ya cika idon kyamara da shi ya ɗauka. Ya shiga menu ya zaɓi hoton, ya dawo ya sa kyamara a alamar na musamman. Matakan duka ya bi su daidai, har da na ƙarshen da yawancin masu koyo ke mantawa.

Sai dai mayafin ya sha bula. Duk wanda ya taso a gidan Bahaushe ya san farin kaya ba ya cika fari sai an tsoma shi a ruwan bula bayan ɗauraya, domin ɗan shuɗin yana ɓoye jan da tsufa da ƙura ke sa wa yadi. Ido yana ganin hakan a matsayin fari ƙal. Kyamara kuwa shuɗi take gani, kuma an ce mata wannan shi ne fari. Saboda haka ta ƙara ruwan ɗorawa don ta kashe shuɗin inuwa, ta sake ƙara wani don ta kashe shuɗin bula. A gindin darbejiyar abin bai yi muni ba, hotunan sun ɗan yi ɗumi, fata ta yi kyau, ƙawaye suka leƙa allo suna cewa ya iya. Wannan yabon ne ya sa ya manta da saitin a inda yake.

Daga ƙarfe huɗu da 'yan mintuna har bayan isha, tarihin kowane hoto na musamman yake nunawa. An fito daga inuwa an shiga rana ta la'asar, wadda da ma ta soma ja, kyamara tana nan tana zuba ruwan ɗorawar da aka umarce ta. Leshi ya zama ruwan goro. Da magariba ta wuce aka tada janareta aka shiga ɗakin uwar amarya don yi mata faɗa da nasiha, ƙwan da ke rataye a ɗakin mai zare ne. Ƙaramin janareta da aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsa ba ya ba da cikakkiyar wuta, shi kuma ƙwai mai zare in wuta ta yi ƙasa ƙara ja yake yi. Ga haske a ƙasa da 3000, ga kyamara tana zaton tana inuwar da ta haura 7000. Batirin filasha ya yi sanyi a lokacin, ya kashe ta yana tattala ta don kai amarya. Hotunan ciwon shawara ke nan. Gyaran gangar auzinawa, in ji masu magana.

Na tambaye shi me ya sa bai gani a allo ba. Ya ce ya duba, bai ga komai ba. Na yarda da shi. Wanda ya daɗe a ɗaki mai jan haske idonsa ya riga ya saba, hoton ja a allo ba ya tsone masa ido, ga hayaniya, ga kuka, ga tsofaffi suna cewa ya matsa. Sai da suka fito waje za a shiga mota ya ga farar motar ta fito kamar an shafa mata manja, sannan ya mayar da kyamara AWB.

Kala ta huɗu, ta ruwan toka, a gidan ango ta fito. Ɗakin amarya sabon fenti ne kore mai haske, fitilarsa kuma irin fararen ƙwayayen LED masu araha da ake haɗawa da batirin sola. Irin wannan fitila ba ta bin layin maƙera da na ambata. A kwalinta za ka ga an rubuta 6500, amma haskenta yana da kore-kore a ciki, kuma ja bai wadata a cikinsa ba. Doguwar fitila ma haka take. Shi ya sa bayan layin shuɗi zuwa ruwan ɗorawa, kyamara tana da wani layin na biyu, daga kore zuwa jan shunayya, ita 600D tana ba da mataki 9 ta kowane ɓangare. Yaron ya kunna filasha ya juya kanta sama don haske ya bugi silin ya dawo a tausashe, wanda dabara ce mai kyau a ɗaki fari. A nan rabin hasken bangon kore ya buga ya dawo. Kore kishiyar ruwan hoda ne, in sun haɗu kashe juna suke yi, abin da ya rage toka-toka. Jan lallen hannun amarya ma ya fito kamar makuba.

Akwai kashi na biyar da gwaggo ba ta nuna ba, don ban ma sa su a albam ba: hotunan ƙofar gidan ango. An ja waya an jera jajayen ƙwayaye, wani maƙwabci ya kawo babbar fitilar LED ya ɗaure a jikin bishiya, ga kuma filasha. Haske uku a kan fuska ɗaya, kumatun dama shuɗi, na hagu ruwan goro, goshi fari. Babu saitin da zai gyara wannan, domin kyamara fari ɗaya take ɗauka a kowane hoto. Duk wanda ka daidaita, sauran biyun za su ƙara fitowa.

Duk wannan a kwamfuta na karanto shi, ni kuma ba na son yanke wa yaro hukunci da zato. Ranar Lahadi muka ci kasuwar Gujungu da safe, daga can muka wuce ƙauyen da kyamara biyu da katin toka. Na roƙi gwaggo ta aro mana leshin daga ɗakin amarya, kaka kuma ta ba mu aron mayafinta tana dariya, wai yau mayafinta ya shiga shari'a. Muka shimfiɗa leshin a kujera, kati a gefe ɗaya, mayafi a ɗaya gefen, muka bi wuraren ɗaya bayan ɗaya muna ɗauka a RAW. Da dare na buɗe su a Lightroom, manhajar gyaran hoto da ke daidaita fari a kan duk abin da ka danna a hoton. In na danna kan kati, leshi ya dawo ruwan hoda a fili, a gindin darbejiya, har a ƙarƙashin jan ƙwai. In na danna kan mayafi a hoto guda ɗin, sai komai ya karkata ruwan ɗorawa. Na gwada da farar takardar A4 da ke jakata, ita ma ta karkata, ko da yake ba ta kai mayafin ba. Masu yin takarda da masu yin garin sabulu suna sa wani sinadari da ke ƙara wa fari ƙyalli ta hanyar jefo ɗan shuɗi, musamman a waje inda hasken rana ke motsa shi. Takarda tana fitar da mutum kunya in babu kati, amma a san tana da wannan hali. Shadda fara da ta dawo daga wurin mai wanki da guga kuwa a kiyaye ta.

Gindin darbejiya ya nuna mini wani abu da ban lura da shi ba a hotunan farko: bayan shuɗin inuwa akwai ɗan kore da ke tsiyayowa ta cikin ganye. Alamar inuwa ta kyamara ba ta kashe shi, kati yana kashewa. A ɗakin amarya kuwa ko da kati leshin bai dawo daidai ba. Ya matso, amma ya rasa wannan ɗan jinin da ke sa ruwan hoda ya yi rai. Abin da fitila ba ta fitar ba, kyamara ba za ta ƙirƙiro shi ba. Da muka kashe fitilar muka buɗe ƙofa da taga, muka ja kujera bakin ƙofa, nan take ya dawo.

Sai gyara. Hotunan shunayya sun gyaru sosai, domin karkatar ba ta yi nisa ba. Na la'asar sun gyaru rabi da rabi, na samo leshin amma fararen kayan mutanen da ke baya sun ɗan yi wani iri. Na ɗakin uwar amarya su ne suka gagara. JPEG mataki 256 yake ajiyewa a kowace kala daga cikin ja, kore da shuɗi. RAW na wannan kyamara 16,384 ne. A waɗannan hotuna ja ya cika ya tumbatsa a goshi da kumatu, shuɗi kuma kusan babu shi. Da na matsa don in dawo da shi sai fuska ta yi dabbare-dabbare kamar yashi. Da RAW ne, danna kati ɗaya ya isa. RAW ɗin 600D yana cin kusan megabayit 25, babban JPEG kuma 6 da ɗoriya, wannan lissafin ne ya sa na ce masa ya tsaya a JPEG, don in tsira da kuɗin babban katin ajiya. Kuɗin da na kashe a sake wanki da man babur ya sayi katin har da canji.

Uku daga cikin hotunan ɗakin ba su da madadi, akwai wanda uwar ta rufe fuska da mayafi tana riƙe da hannun 'yarta. Na mayar da su baƙi da fari. A ganina sun fi duk hotunan albam ɗin kyau. Gwaggo ta juya su ta ce, "Malam, wannan ai na zamanin Sardauna ne." Amma ta bar su. Na gidan ango kuwa sake ɗauka muka yi. Da izinin mijin, amarya ta sake yin kwalliya da leshin wata safiya, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, jere yana bayanta, kati ya shiga hoton farko sannan aka cire shi. Da na kai wanki na ce wa mai injin kada ya taɓa kala, ya fitar yadda na kawo, domin injinsu ma yana da nasa atomatik, kuma ruwan goron anko zai ruɗe shi kamar yadda ya ruɗi kyamara.

Abin da na canza a aikin shago ba shi da yawa. Na sayo katin toka ƙarami na huda shi na ɗaure a igiyar kyamarar yaron, yadda ba zai iya mantawa da shi ba sai dai ya manta da kyamarar. Na sayi babban katin ajiya, duk hoton da amarya ke ciki ana ɗaukarsa RAW da JPEG tare. Na kuma ba shi doka ɗaya da zai iya riƙewa cikin hayaniya: duk ƙofar da ya ƙetare, shiga ko fita, ya dubi alamar WB, wato ta daidaiton fari, kafin ya dubi mutane. A wajen mata masu anko na hana shi AWB. In babu sukunin fito da kati, ya zaɓi rana ko inuwa ya bar ta a nan, domin kuskure iri ɗaya a hoto hamsin da danna ɗaya ake gyara shi, kuskure iri hamsin kuwa kwana ake yi a kai.

Na dare shi ne har yanzu muke fama da shi. Inda haske ya gauraya, sai a rage ɗaya: a roƙi masu gida a kashe fitilar bishiya na minti biyar, ko a janye mutane zuwa inda ƙwai iri ɗaya ne. In jajayen ƙwayaye ne suka fi yawa, akwai 'yar leda ruwan goro da ake manna wa filasha, tana sauko da haskenta daga wajen 5500 zuwa wajen 3200, sai a sa kyamara a alamar ƙwan fitila, fuska da bango su zama abu ɗaya. A ƙarƙashin doguwar fitila da LED mai araha kuma na ce kada saurin shata, wato murfin da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, ya wuce 1/100 na daƙiƙa, in da hali 1/50. Wutar ƙasar nan sau 50 take juyawa a daƙiƙa, fitila tana ƙyaftawa sau 100, shata mai sauri takan kama guntun ƙyaftawar, hoto biyu a jere su fito da kala daban ko da saitin bai motsa ba. A kan ƙaramin janareta da ba ya tsayawa a 50 ɗin ma, wannan rage zafi ne kawai.

Saura hoto ɗaya da muka yi jayayya a kansa ni da yaron. Dab da magariba aka ɗauke shi, amarya a soron gidansu, rana ta faɗo ta cikin hazo ta bugi gefen fuskarta. Yana cikin waɗanda saitin mayafi ya rina, leshi ruwan goro ne sosai. Na zauna na gyara shi tsaf har leshi ya dawo ruwan hoda, katanga ta dawo launin ƙasa. Yaron ya ce, "Oga, ka kashe shi." Na ce gwaggo leshi take nema. Ya nace, sai na wanke duka biyun na ba shi ya kai tare da sabon albam.

Ya dawo bayan la'asar da gyararren a hannunsa. Gwaggo ta ƙirga hotunan leshi ta ce yanzu ta ga kayan da ta zaɓo. Amarya kuma ta zare jan daga ambulan, ta aiko da saƙo a ƙara masa girma a sa a furem.